Tambaya Ɗaya, AUDIT, ASSIST ko Gwajin Fitsari: Wace Hanyar Tantance Shaye-shaye Ta Dace da Asibitinku a Kaduna?

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama ɗakin ganin marasa lafiya a Rigasa, Tudun Wada, Kawo ko Sabon Tasha ya san cewa mai shaye-shaye ba ya zuwa asibiti da sunan shaye-shaye. Da ciwon ciki yake zuwa, ko rashin barci, ko raunin da ya ji a kan babur, ko kuma 'yan uwa su kawo shi ranga-ranga bayan ya faɗi yana jijjiga alhali ba a taɓa saninsa da farfaɗiya ba. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe raɗaɗi irin su tramol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai sa maye, sannan ɗaya cikin kowane mutum huɗu mace ce. Idan haka ne, babu layin asibiti a garin nan da za a rasa su a ciki.

Abin da ke gaban shugaban asibitin sha-ka-tafi, ko mai asibitin kuɗi, ko nas mai kula da awon ciki, shi ne zaɓen hanyar da zai bi ya gano su tun abin bai yi nisa ba, da kuma abin da zai faɗa musu bayan ya gano.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Abubuwa biyar ne ya kamata a ɗora kowace hanya a kai. Na farko shi ne ko tana kama irin abin da mutanenmu ke sha, domin akasarin waɗannan hanyoyi an tsara su ne a ƙasashen da giya ce babbar matsalarsu, mu kuwa tramol, kodin, rochi, wiwi da sholisho sun fi yawa a wasu unguwanninmu. Na biyu shi ne tsada, kuma a nan lokacin ma'aikaci ya fi kuɗin takarda nauyi, tunda minti goma a kan mutum ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ranar da mutum sittin ke jira a kan benci. Na uku shi ne sauƙin koya da sauƙin aiki. Na huɗu shi ne ɗorewa, wato ko tsarin zai ci gaba bayan an yi wa wanda aka horar canjin wurin aiki ko kayan aiki sun ƙare. Na biyar shi ne haɗari ga mara lafiya, musamman tonuwar asiri, wadda a wurinmu kan iya kashe aure ko raba mutum da aikinsa.

Abin da bincike ya nuna kafin a zaɓa

Hujja mafi ƙarfi a kan giya take. A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta duba gwaji 69 da suka ƙunshi mutum fiye da 33,000, ta gano cewa waɗanda aka yi wa gajeriyar nasiha a asibiti sun rage shan barasa da kimanin giram 20 a mako bayan shekara guda, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Giram 20 bai ma kai babbar kwalbar giya ɗaya ba, saboda haka ga mutum ɗaya ragin kaɗan ne, amma idan aka tara shi a kan dubban mutane yana da tasiri, ga shi kuma da arha. Binciken ya kuma nuna cewa tsawaita nasihar bai ƙara wani amfani mai yawa ba. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda aka wallafa a 2013, ya kwatanta ba da sakamako tare da takardar bayani kawai, da nasihar minti 5, da shawarar minti 20, bai samu bambanci a tsakaninsu ba. Haka lamarin yake ga taba: 'yar gajeriyar maganar likita tana ƙara yawan masu dainawa da kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari.

A kan sauran ƙwayoyi kuwa, labarin ya sha bamban, kuma a nan ne ya kamata mu yi hattara. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyi a ƙasashe huɗu, Ostareliya, Birazil, Indiya da Amurka, a kan mutum 731, wanda aka wallafa a 2012, ya samu raguwar shaye-shaye bayan wata uku a jimlace, sai dai a ɓangaren Amurka ba a ga bambanci ba. Bayan shekara biyu, a 2014, aka wallafa manyan gwaje-gwaje biyu daga Amurka, ɗaya a birnin Boston a kan mutum 528, ɗayan a jihar Washington a kan mutum 868, kuma dukansu ba su ga wani amfani da gajeriyar nasiha ta yi wa masu shan ƙwaya ba. Shi kuwa kwamitin Amurka mai ba da shawara kan rigakafi, wanda ya amince da tantance giya da nasiha ga manya a 2018, da ya zo kan ƙwayoyi a 2020 sai ya gindaya sharaɗi: a tantance manya ta hanyar yi musu tambayoyi, amma fa sai inda ake da halin tabbatar da cutar da ba da magani ko tura mutum inda zai samu. Game da matasa 'yan ƙasa da shekara 18 kuma ya ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba.

A ganina wannan sharaɗi ya fi duk wata takardar tambayoyi muhimmanci a Kaduna. Asibitin da zai gano mai shan tramol sannan ya sallame shi da “Allah ya shirya” bai ƙare shi da komai ba sai fargabar cewa yanzu an san sirrinsa.

Tambaya ɗaya tak

Wannan ita ce mafi arha. An gwada ta a Boston, aka wallafa sakamakon a 2010, kuma ma'anarta ita ce: sau nawa a cikin shekarar da ta wuce ka sha haramtacciyar ƙwaya, ko ka sha maganin asibiti ba don cutar da aka rubuta shi dominta ba? Duk amsar da ta kai sau ɗaya tana buƙatar ƙarin bincike. Ba ta cin ko minti ɗaya, ba ta buƙatar takarda, kuma sabon ma'aikaci zai koye ta a yini guda, saboda haka ita ce ta fi kowace ɗorewa.

Rauninta yana cikin yadda ake furta ta. Idan aka ce wa ɗan acaba “kana shan ƙwaya?” zai ce a'a da zuciya ɗaya, domin a wurinsa tramol maganin gajiya ne, ɗan ƙwaya kuwa shi ne wancan da ke kwana a bakin kwata. Ya fi kyau a ce, “Malam, kowa muke yi wa wannan tambayar. Akwai abin da kake ɗan sha don ƙarfin aiki, ko don barci, wanda ba likita ne ya rubuta maka ba?” Ga matar aure kuma, bayan an roƙi wadda ta rako ta ta ɗan jira a waje, a ce, “Hajiya, akwai maganin tari ko na barci da kika saba sha ko da ba ki da lafiya ko kina da ita?” Tambayar ba ta nuna zurfin matsalar, don haka ƙofa ce kawai, dole a samu abin da zai biyo bayanta.

AUDIT da ƙaramarta AUDIT-C

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da AUDIT a 1989. Tambayoyi goma ne a kan giya kaɗai, maki daga 0 zuwa 40. Maki 8 zuwa 15 na nufin a ba da gajeriyar nasiha, 16 zuwa 19 a ƙara da bibiya, 20 zuwa sama kuma a tura wurin ƙwararru. AUDIT-C tambayoyi uku ne na farko, kuma minti ɗaya zuwa biyu ya ishe ta. AUDIT kyauta ce, kuma ita ce ke da hujja mafi kauri a bayanta.

Matsalarta biyu ce a nan. Tana ƙirga sha ne da ma'aunin giram 10 na barasa, alhali mai shan burukutu da ƙwarya yake sha, mai shan ogogoro kuma da 'yar leda ko ƙaramar kwalba, don haka sai asibiti ya zauna ya fassara ma'aunin zuwa abin da mutane suka sani. Sannan a unguwannin da ake shan giya a ɓoye, amsar farko kusan kullum “a'uzubillahi” ce. Wannan bai zama dalilin watsar da ita ba, musamman a ɗakin masu hawan jini, ciwon hanta da tarin fuka, inda giya ke lalata magani kai tsaye. Amma asibitin da ya tsaya a kanta kaɗai zai rasa yawancin matasan da ke zuwa masa.

ASSIST

Ita ma ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, kuma littafin jagorarta ya fito a 2010. Tambayoyi takwas ne da ake maimaitawa a kan rukunin abubuwa goma: taba, giya, wiwi, hodar iblis, ƙwayoyin ƙara kuzari, abubuwan shaƙa, magungunan barci, masu sa gane-gane, dangin kodin da tramol, da sauran abin da bai shiga waɗannan ba. Tana tambayar abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa, da yawan shansa a wata uku da suka wuce, da ƙarfin sha'awarsa, da matsalar lafiya ko kuɗi ko shari'a da abin ya jawo masa, da ko ya kasa sauke nauyin da ke kansa, da ko wani nasa ya taɓa nuna damuwa, da ko ya yi ƙoƙarin dainawa ya kasa, sannan ta rufe da tambayar allura. Kowane abu da makinsa daban. Ga ƙwayoyi, 0 zuwa 3 ƙaramin haɗari ne, 4 zuwa 26 matsakaici, 27 zuwa sama babba. Ga giya kuwa matsakaicin yana farawa ne daga 11.

Babu shakka ita ce ta fi dacewa da yanayinmu. Sholisho yana da gurbi a cikinta, rochi da diyazafam suna da nasu, zaƙami ma za a samu inda za a sa shi. Tambayar allura tana da amfani na musamman a ɗakin masu ciwon sikila, inda wasu kan fara da allurar fentazosin don raɗaɗi na gaskiya, daga baya ta zame musu jaraba. Wani alfanunta shi ne makin da kansa yake buɗe hira, domin ana nuna wa mutum katinsa a ce masa ga inda ka faɗa, me kake gani?

Tsadarta lokaci ne. A rubuce minti 5 zuwa 10 take ɗauka, amma mai haɗa abu uku ko huɗu zai ci fiye da haka, kuma lissafin makin yana rikita wanda bai saba ba. Tana buƙatar horo, da tsayayyar fassara guda ɗaya da kowa zai riƙa bi, da jerin sunayen da ake kiran ƙwayoyin da su a titi, waɗanda kuma suke canzawa. Ɗorewarta ita ce mafi rauni a cikin hanyoyin tambaya: inda mutum ɗaya ne kawai ya iya ta, ranar da aka ɗauke shi takardun sai su koma cikin durowa.

DAST-10

Tambayoyi goma ne na e ko a'a a kan shekarar da ta wuce, an tsamo su daga doguwar takardar da aka fitar a Kanada a 1982. Ba ta haɗa da giya da taba ba, kuma maki 3 zuwa sama na buƙatar kulawa. Ta fi ASSIST sauri da sauƙin lissafi, sai dai tana auna ɓarnar da abin ya yi ne ba tare da ta faɗi wace ƙwaya ce ba, alhali shawarar da za a ba mai wiwi daban take da ta mai diyazafam.

Gwajin fitsari

Wannan ne iyaye suka fi nema, kuma ya ƙara karɓuwa tun da shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa (NDLEA), Buba Marwa, ya riƙa kira da a yi wa ɗalibai da masu shirin aure gwajin ƙwaya. Farin jininsa a fili yake: ba ya dogara da abin da mutum ya faɗa, kuma sakamako na fita cikin mintuna. Amma a matsayin hanyar tantance kowa da kowa a asibiti, shi ne na fi ja da baya a kansa.

Shi kaɗai ne ake saye da kuɗi a kan kowane mutum, kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, suna da ranar lalacewa, kuma zafi na ɓata su. Yana nuna abin da aka sha ne a 'yan kwanakin baya, ban da wiwi da kan daɗe makonni a jikin mai yawan sha, don haka ba ya bambanta wanda ya ɗanɗana shekaranjiya da wanda ya shekara biyar a ciki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne layin da ke kama kodin a kan sandar gwajin ba ya kama tramol. Sai an sayi mai layin tramol na musamman. Sholisho kuwa ba ya fita sam. Ga kuma sakamakon ƙarya: rifamfisin, wanda masu tarin fuka ke sha, na iya nunawa kamar dangin kodin, efabirenz na masu cutar ƙanjamau kuma na iya nunawa kamar wiwi. A yi tunanin budurwar da ke shan maganin tarin fuka aka ce gwajinta ya nuna ƙwaya ana saura mako biyu ɗaurin aure. Inda gwajin ke da amfani na gaske shi ne ɗakin gaggawa idan an kawo mutum a sume, da kuma bibiyar wanda ya riga ya shiga magani da yardarsa.

| Hanya | Abin da take kamawa | Tsada | Sauƙi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tambaya ɗaya | Kowace ƙwaya, ba zurfi | Ƙasa da minti 1 | Sosai | Mai ƙarfi | Musu idan an furta ta da zargi |
| AUDIT-C da AUDIT | Giya kaɗai | Minti 1 zuwa 3 | Mai sauƙi | Mai kyau | Rasa masu shan ƙwaya |
| ASSIST | Rukuni goma | Minti 5 zuwa 10 ko fiye | Sai da horo | Ta dogara da ma'aikata | A bar ta saboda cunkoso |
| DAST-10 | Ɓarnar ƙwaya, ban da giya | 'Yan mintuna | Mai sauƙi | Mai kyau | Ba ta faɗin irin ƙwayar |
| Gwajin fitsari | Shan kwanan nan | Kuɗi kan kowane gwaji | Mai sauƙin yi, mai wuyar fassara | Sai kaya na nan | Sakamakon ƙarya, tonon asiri |

Bayan an gano, sai me?

Gajeriyar nasihar da aka gwada a waɗannan bincike ba wa'azi ba ce. Ana faɗa wa mutum sakamakonsa da alaƙarsa da ciwon da ya kawo shi, a bar masa hukunci a hannunsa, a ba shi shawara a fili cewa ragewa ko dainawa ya fi masa, a jera masa hanyoyi ya zaɓa, duk cikin mutuntawa da ƙarfafa masa gwiwa. Ga mai matsakaicin maki a giya ko taba, minti biyar irin wannan ya wadatar, kuma ba lallai ne a ɗauki mai ba da shawara na musamman ba. Ga mai matsakaicin maki a tramol ko wiwi, a yi nasihar, amma kada a ɗauka an gama. A ba shi ranar dawowa, a faɗa masa gaskiyar cewa tramol mai yawa na kawo jijjiga, kuma wanda doka ta yarda da shi a ƙasar nan shi ne mai miligiram 50 da 100, ba mai 225 da ke yawo a tasha ba.

Ga mai babban maki, magana kaɗai ba ta isa. Wani gwaji da aka wallafa a 2015 a Amurka a kan mutum 329 masu jarabar dangin kodin ya nuna haka ƙarara: bayan kwana 30, kashi 37 cikin ɗari na waɗanda aka tura wani wuri kawai suna cikin magani, kashi 45 na waɗanda aka yi wa nasiha tare da turawa, amma kashi 78 na waɗanda aka fara wa magani nan take a ɗakin gaggawa. Darasin da za mu iya ɗauka ko da ba mu da wannan maganin a hannu shi ne takardar tura mara lafiya ita kaɗai ba ta kai shi. A Kaduna muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma jihar ta kafa hukuma ta musamman kan rigakafi da maganin shaye-shaye. Sai dai da yawa na jin an ambaci Barnawa suke cewa ai su ba mahaukata ba ne. Abin da ke rage wannan shi ne ma'aikaci ya kira wurin da kansa a gaban mara lafiyar, a tsayar da rana, a nemi ɗan uwa guda da shi mara lafiyar ya zaɓa ya raka shi. A kuma kiyaye: wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa ko diyazafam kada a ce masa ya daina rana ɗaya a gida, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga har ma da rasa rai.

Wace ta dace da wa

Asibitin sha-ka-tafi mai cunkoso da ma'aikata biyu ko uku, irin waɗanda ke mazaɓu 255 na jihar, ya fara da tambaya ɗaya tare da AUDIT-C a wurin awon jini, sannan a ware rana ɗaya a mako a yi wa waɗanda suka amsa da e cikakkiyar ASSIST. Babban asibiti ko asibitin kuɗi mai ma'aikacin walwala ko nas da za a iya keɓewa ya ɗauki ASSIST kai tsaye, amma ya horar da aƙalla mutum uku. Ɗakin masu hawan jini, hanta, tarin fuka da ƙanjamau ya riƙe cikakkiyar AUDIT ya ƙara da tambaya ɗaya. Ɗakin awon ciki ya yi tambaya ɗaya a keɓe, ba a gaban miji ko uwar miji ba, kuma kada a rubuta amsar a katin da mace ke tafiya da shi gida. Ɗakin masu sikila ya yi ASSIST saboda tambayar allura, ba tare da an mai da ita hujjar hana mai raɗaɗi magani ba. DAST-10 ta dace da inda aka riga aka san abin da mutum ke sha, ana so a auna zurfinsa cikin sauri. Ɗakin gaggawa da cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye su ne za su ajiye kayan gwajin fitsari, mai layin tramol. Uban da ya zo da ɗansa yana neman a yi masa gwaji da ƙarfi, a fara zaunar da yaron shi kaɗai a yi masa tambayoyi, da takardar CRAFFT da aka tsara don 'yan shekara 12 zuwa 21 idan akwai ta. Asibitin da bai riga ya san lambar wayar wurin da zai tura mai babban maki ba, ya tsaya a kan giya da taba tukuna, ya kammala wannan shiri, sannan ya fara tambayar ƙwaya.